Ɗumama jiki da miƙa mai motsi kafin hawa keke: tambayoyi da amsoshi

Tun da na fara yi wa mutane maganar ɗumama jiki kafin a hau keke tambayoyi iri ɗaya ake ta maimaita min, wasu da gaske suke son sani wasu kuma gardama ce kawai ta kawo su, toh sai na ga gara in tattara su wuri guda in amsa, wanda ya ga tasa sai ya ɗauka.

Wai mece ce ma miƙa mai motsi, kuma da me ta bambanta da miƙar da muka saba?

Miƙar da kowa ya sani ita ce ta tsayawa cak, ka kamo ƙafarka ta baya ka manna dunduniya da mazaunai ka riƙe daƙiƙa 30, ko ka sunkuya ka taɓa yatsun ƙafa ka daskare a haka kana ƙirge. Wannan ita ce miƙar riƙewa. Ita kuwa mai motsi ba a riƙe komai, gaɓar za ka kai inda take iya zuwa ka dawo da ita, ka sake kai ta ka dawo, kamar lilo, sau 10 ko 15, kowane zuwa ya ɗan fi na baya nisa. Kenan tsoka tana miƙewa tana kuma aiki a lokaci guda, jini na gudu, zuciya ta fara ɗagawa.

Akwai wata ta uku da mutane ke rikita ta da wannan, wato ta fizga, inda mutum zai sunkuya ya dinga dannawa da ƙarfi yana tsalle-tsalle a ƙarshen miƙar wai sai lallai hannunsa ya taɓa ƙasa. Ba ita nake nufi ba. A miƙa mai motsi kai ke jan ragamar ƙafar, ba nauyinta ke wurga ta ba.

Keke ai a zaune ake tuƙa shi, me zai sa sai na ɗumama jiki?

Wannan ita ce tambayar 'yan gardama, kuma ni ma da haka nake cewa. Amma ɗan yi lissafi mana. Mai tuƙin keke da ya saba yana juya feda wajen sau 80 zuwa 100 a minti ɗaya, in mun ɗauki 90, a awa guda ƙafarka ta juya sau 5,400 kenan, kuma duk a hanya ɗaya, gwiwa ta lanƙwashe ta miƙe, kwankwaso bai taɓa buɗewa gaba ɗaya ba, baya a sunkuye, wuya a ɗage kana kallon gaba, hannu a kafe kan keke. Yanzu ka haɗa wannan da cewa da yawanmu daga kan gado muka taso ko daga kujerar da muka wuni a kai, tsokar gaban kwankwaso a takure, ta mazaunai kuma barci ma take yi, sai kawai mu haye mu ce ta fara aiki.

Abin da ɗumi ke yi ba boyayye ba ne. Tsoka in ta yi ɗumi tana matsewa ta saki da sauri, taurinta na raguwa, saƙo daga ƙwaƙwalwa yana saurin isa gare ta, jijiyoyin jini suna buɗewa, jinin kuma yana sakin iskar oksijin cikin sauƙi in da ɗumi. Ruwan da ke cikin gaɓoɓi shi ma motsi ne ke yaɗa shi ya shafe ko'ina. Shi ya sa in ka fara da gudu ba shiri za ka ji mintunan farko kamar an ɗaura maka dutse, haki ya yi yawa cinya ta ɗau zafi, ba wai ƙarfi ne ba ka da shi ba, zuciya da huhu ne ba su kamo abin da ƙafa ke nema ba tukuna.

Toh wane motsi zan yi takamaimai?

Ga yadda nake yi, ba dole sai ka bi shi sak ba. Da farko ina ɗan taka a wuri ɗaya ko in zagaya kamar minti ɗaya zuwa biyu ina ɗaga gwiwa sama-sama, don ban son in fara wurga ƙafa jiki a sandare.

Sai lilon ƙafa, wanda in ma guda ɗaya za ka yi a cikinsu toh shi za ka yi. Ka dafa bango ko ka riƙe sirdin keken da hannu ɗaya (ka matse birki ko ka jingine shi da kyau, na taɓa dafa keken da bai tsaya daidai ba muka zube tare ni da shi tun ba a fara tafiyar ba), ka tsaya da ƙafa ɗaya ɗayar kuma ka dinga kai ta gaba da baya. Ka fara ƙasa-ƙasa kamar mai share ƙasa da tafin ƙafa, a na biyar ko na shida sai ka ji ta fara sakewa tana hawa da kanta. Abin lura a nan shi ne baya, kada ya dinga lanƙwashewa yana bin ƙafar, ka ɗan matse ciki, ƙirji a tsaye, motsin daga kwankwaso zai fito. Sau 10 zuwa 15 kowace ƙafa. Daga nan ka fuskanci bangon ka dafa da hannu biyu ka yi lilon gefe da gefe, ƙafar ta gitta ta gaban ɗayar ta fita waje, wannan shi ke taɓa matsematsi da gefen kwankwaso, wuraren da feda ba ta taɓa motsa su ta wannan fuskar.

Na biyu dogon taku da durƙuso. Ka jefa ƙafa ɗaya gaba da nisa ka sauka har gwiwar baya ta kusa taɓa ƙasa, ka tashi ka jefa ɗayar. In ka sauka ka ɗaga hannun ɓangaren ƙafar da ke baya sama ka ɗan karkata, za ka ji wani ja tun daga gaban cinya har cikin ciki, toh wannan tsokar ita ce wadda zama ke takurewa kuma keke ke ƙara takure ta. Taku 6 zuwa 8 kowane gefe ya isa. Gwiwar gaba ta kalli inda yatsun ƙafa suka kalla, kar ta faɗa ciki.

Sai tsuguno sau 10 ba tare da ɗaukar komai ba, a hankali, dunduniya a ƙasa, in za ka tashi ka matse mazaunai sosai don su farka, suna cikin manyan masu tura feda amma sun fi kowa lalaci. In akwai wuri mai tsabta da za ka kwanta, ka kwanta rigingine gwiwa a lanƙwashe ka dinga ɗaga ƙugu sama kana saukewa, ya ma fi tsugunon tashe su.

Bayan cinya kuma, ka sa dunduniya ɗaya gaba yatsu na kallon sama, ka tura mazaunai baya ka sunkuya ka share iska da hannuwa biyu kamar mai kwasar ruwa, ka miƙe ka canja ƙafa. Sha-raɓa da agara, ka ɗaga dunduniya ka tsaya kan yatsu ka sauka sau 15, ka juya idon sawu hagu da dama.

Saman jiki ba na ɓata masa lokaci sosai amma ba na tsallake shi: juya kafaɗu baya, juya hannuwa kamar fanka, riƙe ƙugu ka murɗa gangar jiki hagu da dama, juya wuyan hannu. Wuya kuma ka kalli hagu ka kalli dama a hankali, ka kai haɓa ƙirji ka ɗago. Wannan kallon hagu da daman kada ka raina shi, shi ne za ka yi a kan titi in za ka waiga ka ga motar da ke bayanka, kuma wuyan da ya ƙage ba ya waiwaye sai ya ja kan keken ya bi shi.

Duk wannan minti nawa zai ci?

Biyar. In ka ja shi da yawa takwas. Sai ka hau keken ka ƙara minti 10 a giya mai laushi, wato giyar keken da feda ba ta nauyi, kafin ka fara takawa da gaske.

Ba zan iya hawa kawai in fara tafiya a hankali ba, ai shi ma ɗumama jiki ne?

Shi ne mana, kuma gaskiya in aka ce in zaɓi ɗaya tsakanin miƙa a ƙasa da minti 10 na tuƙi mai laushi, tuƙin zan ɗauka, don babu abin da ke shirya jiki wa keke kamar keken kansa. Amma ga inda gizo ke saƙar, feda tana ɗumama ka ne a cikin ɗan zagayen nan nata kawai, ba ta buɗe kwankwaso, ba ta murɗa baya, ba ta kai ƙafa gefe. Wanda jikinsa a sake yake kuma yawo kawai zai yi, ya hau abinsa ya tafi ba laifi. Wanda kuma ya wuni a kujera, ko da sassafe ya fito, ko kuma ƙofar gidansa a gindin tudu take da zarar ya fito hawa zai fara, wannan miƙar ƙasan ta fi yi masa amfani don ba shi da damar farawa a hankali.

Ni abin da ya koya min hankali kenan. Wata safiya na makara abokan tafiya sun riga sun yi gaba, na fito ko ƙafa ban kaɗa ba na haye na miƙe tsaye kan feda a babbar giya ina son in kamo su a kan hawa, ban yi minti uku ba na ji wani abu ya tsunkule ni a bayan cinyar dama kamar an ja igiya. Ban kamo su ba, kuma sai da na yi kusan sati biyu ina hawa matakala a karkace.

An ce miƙar riƙewa kafin motsa jiki tana rage ƙarfi, da gaske ne?

Da ƙamshin gaskiya amma an zuzuta abin. A 2012 wasu masana biyu, Kay da Blazevich, sun tattara bincike sama da 100 a kan wannan, abin da suka gani shi ne in an riƙe miƙar tsoka ɗaya daƙiƙa 60 ko fiye, ƙarfinta na ɗan raguwa na ɗan lokaci, amma gajeriyar riƙewa ta ƙasa da daƙiƙa 45 ba ta yin wata illar a zo a gani. Kenan in akwai wani wuri da ya ɗaure maka kana jin sai ka riƙe shi daƙiƙa 15 ko 20 kafin ka samu sauƙi, riƙe abinka, sannan ka bi shi da motsi. Matsalar miƙar riƙewa ba ma rage ƙarfin ba ne a wajena, matsalarta ba ta ɗumama komai, ka gama ta jikinka na nan da sanyinsa zuciya na nan yadda take.

In na yi wannan gobe ba zan tashi da tsamin jiki ba?

Za ka tashi da shi in ka wuce abin da jikinka ya saba, kada kowa ya ruɗe ka. Tsamin nan da ke zuwa bayan kwana ɗaya ya fi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72, daga aikin da tsoka ba ta saba ba yake fitowa. Ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken lafiya, ta duba binciken da aka yi a kai a 2011, ta ga miƙa ko kafin motsa jiki ko bayansa ragin da take yi wa tsamin bai wuce maki 4 cikin 100 ba, abin da ko ji ba za ka yi ba. Maganinsa ƙara nisa da kaɗan-kaɗan, da barci, da haƙuri.

Rauni fa, yana hanawa?

Yana rage haɗarin irin abin da ya same ni, wato tsoka mai sanyi a fizge ta farat ɗaya. A wasanni irin ƙwallon ƙafa inda ake gudu da birki da juyi an ga tsararren ɗumama jiki, kamar shirin nan na FIFA 11+, yana rage raunuka. Amma keke daban ne, yawancin ciwon masu keke daga abu biyu yake zuwa, faɗuwa, da kuma keken da bai dace da jikin mai shi ba ana ta maimaita kuskure ɗaya sau dubbai.

Bari in ɗan tsaya a nan don mutane da yawa suna ɗora wa rashin miƙa laifin da na sirdi ne. In sirdinka ya yi ƙasa da yawa, gaban gwiwa ne zai fara kuka, in ya yi sama da yawa bayan gwiwa ne, kuma za ka ga ƙugu na rangaji hagu da dama kana miƙo ƙafa don ta kai feda. Ƙa'idar da aka fi amfani da ita ita ce in feda ta kai can ƙasa gwiwa ta kasance da ɗan lanƙwasa, wajen digiri 25 zuwa 35. Hanya mai sauƙi ta gwadawa: ka zauna ka ɗora dunduniya kan feda a can ƙasa, ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ka karkata ƙugu ba, in ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar sai ɗan lanƙwasan ya fito da kansa. Ko awa guda ka yi kana lilon ƙafa, in sirdin bai daidaita ba gwiwar sai ta yi ciwo.

Ni wurin aiki kawai nake zuwa da keke, tafiyar minti 10 ce, kuma da kayan aiki a jikina. Sai na tsaya ina tsuguno a bakin ƙofa?

A'a haba. Ka kaɗa kowace ƙafa sau biyar-biyar, ka juya kafaɗa da wuya, ka hau ka yi mintuna ukun farko a giya mai laushi, shikenan. Ko ma sauka daga bene ka yi ka turo keken waje ai jikin ya ɗan motsa.

Lokacin sanyi da lokacin zafi duk ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne. In ana sanyi ka ƙara lokaci, kuma ka yi miƙar a cikin ɗaki kafin ka fito, ka rufe gwiwa da dogon wando don iskar da keke ke kwasa tana sanyaya ta fiye da yadda kake zato. In ana zafi sosai kuma ka taƙaita, tsoka ba ta daɗewa ta ɗau ɗumi, ka yi a inuwa, ba amfani ka zubar da gumin da za ka buƙata a hanya tun kana tsaye. Ka sha ruwa tun kafin ka fita.

Na haura shekara 50, kuma gwiwata tana ƙara in na tsuguna, in ci gaba?

Ƙarar da ba ciwo ba kumburi yawanci ba abin tsoro ba ce, gwiwoyi da yawa suna yi har na matasa. In da ciwo ne toh labari ya canja, ka rage zurfin tsugunon zuwa rabi, ko ka mayar da shi zama kan kujera da tashi, dogon takun ma ka gajarta shi ka dafa wani abu. Abin da na lura shi ne duk yadda shekaru ke ƙaruwa jiki na ƙara son a lallaɓa shi, wanda minti 5 ke isarsa da yanzu sai ya yi 10 zuwa 15 kafin ya ji ya sake, ba wani abin kunya a ciki. Mai ciwon zuciya, ko hawan jinin da bai daidaita ba, ko wanda aka yi wa aiki a gwiwa ko kwankwaso ko baya, ya fara jin ta bakin likitansa, haka ma mai juna biyu.

Su ƙwararrun 'yan tsere yaya suke yi?

In ka taɓa kallon Tour de France, babban tseren keke na Faransa, ranar tseren agogo, inda kowa ke fita shi kaɗai, za ka gan su jere a gefen motocin ƙungiyoyinsu an kafe keken a kan na'ura suna ta juya feda a wuri ɗaya gumi na zuba, wasu har da fanka a gabansu da rigar ƙanƙara in ana zafi. Dalili shi ne daga daƙiƙar farko da cikakken ƙarfi za su fita, babu lokacin lallaɓawa. Hukumar kekuna ta Birtaniya ma tana da sanannen tsari na minti 20, ana farawa da juyi 90 a minti a giya mai laushi, a dinga ƙara saurin juyin mataki-mataki, can wajen ƙarshe a yi gajerun fizga guda uku na daƙiƙa 6, sannan a sassauta.

Abin ɗauka a nan guda biyu ne. In tseren gajere ne mai zafi ɗumamawar ta fi tsawo, in kuma doguwar tafiya ce ta awa huɗu ko biyar kaɗan ya isa don farkon tafiyar ma ɗumi ne. Na biyu kuma kada tazara ta yi yawa tsakanin gama ɗumi da farawa, in ka zauna hira minti 15 ko 20 ɗumin tsokar ya fara zubewa, in dole sai ka jira ka sa riga mai kauri ka dinga ɗan motsi.

Keken cikin ɗaki nake hawa a wurin motsa jiki, ni ma ya shafe ni?

Ya shafe ki ko ya shafe ka sosai ma, don a can ba danja ba gangara ba inda za a huta, kuma wasu azuzuwan da kiɗa ya tashi ake cewa a miƙe tsaye. A zo da wuri da minti biyar, a yi lilon ƙafa da tsuguno a gefen keken, a daidaita sirdi tunda wani ne ya sauka a kai, sannan a fara juyawa ba nauyi.

Ta yaya zan san jikin ya ɗumama, kuma yaushe zan san in tsaya?

Za ka ji ɗan gumi ya fara tsattsafowa a goshi ko gadon baya, numfashi ya ɗan ɗaga amma kana iya magana jimla guda ba ka yanke ba, feda ta daina yi maka nauyi ƙafa na zagayawa sumul. In ka gama ɗumama jiki kana haki kamar wanda aka koro toh ka wuce gona da iri, ka cinye abin da za ka yi tafiyar da shi.

Ja mai daɗi a tsoka ba komai. Amma zafi mai suka kamar allura, ko ciwo a cikin gaɓa, ko wani abu mai kama da lantarki da ke sauka daga baya zuwa ƙafa, ka bar wannan motsin. Ciwon ƙirji, jiri, ganin duhu-duhu, ko numfashi ya ƙi kamawa, wannan ba maganar miƙa ba ce kuma, ka ajiye keken ka nemi asibiti.

Toh miƙar riƙewar yaushe za a yi ta?

Bayan ka sauka, lokacin da jiki ke da ɗumi. Mintuna biyar na ƙarshen tafiya ka sassauta giya ka bar numfashi ya dawo, in ka sauka sai ka riƙe gaban cinya, bayan cinya, sha-raɓa da mazaunai daƙiƙa 30 kowanne. Wadda na fi ba muhimmanci ita ce ta gaban kwankwaso, ka durƙusa da gwiwa ɗaya a kan wani abu mai laushi, ɗaya ƙafar a gaba, ka matse mazaunin ɓangaren da ke ƙasa ka ɗan tura ƙugu gaba kaɗan kawai, ba sai ka lanƙwasa baya ba, ka yi numfashi biyar masu zurfi sannan ka canja gwiwa.